Hotunan mallakar kowa da manhajojin zane na ƴan makaranta

Hotunan mallakar kowa su ne zane-zane da hotunan da ba wanda ke da ikon hana a kwafe su, a sake musu fasali, a buga su a takarda ko ma a sayar da su. A cikinsu akwai ƙananan zane da aka shirya tun tuni don liƙawa a rubutu, kamar zanen akuya, agogo, tuta ko taswira, waɗanda Turawa ke kira clip art. Sunan ya samo asali ne tun lokacin da masu ɗab'i ke sayen littattafai cike da irin wannan zane, su sa almakashi su yanko wanda suke so, su manna shi da gam a shafin da za a buga. Aikin almakashi da gam ɗin yanzu manhajar kwamfuta ke yin sa, kuma mafi yawan manhajojin da suka dace da yara ba a sayen su.

A gari kamar Damagaram, inda aji ɗaya kan tara yara masu yawa, littafi mai hoto kuma bai cika isar kowa ba, amfanin waɗannan kaya a fili yake. Malamin da ke koya wa ƴan CI, wato ajin farko na firamare, harafin "k" yana bukatar kaza, kifi da kujera a takarda guda. In ba gwanin zane ba ne, sai dai ya nemo wanda wani ya zana.

Kyauta daban, mallakar kowa daban

Nan ne aka fi yin kuskure. Ganin hoto a intanet ba tare da an biya ko dala ba, ba ya nufin hoton ba shi da mai shi. A ƙa'idar Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Nijar ke cikinta, haƙƙin mallaka yana hawa kan aiki da zarar an ƙirƙire shi, ba sai an yi rajista ba, kuma ga mafi yawan ayyuka yana nan har aƙalla shekara 50 bayan rasuwar mai shi. Ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka sun kai shi shekara 70. Nijar kuma mamba ce a ƙungiyar OAPI ta kare haƙƙin mallakar fasaha, mai hedikwata a Yawunde, wadda ke aiki da Yarjejeniyar Bangi ta 1977, a cikin gida kuwa hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin masu fasaha.

Hoto kan zama na kowa ta hanya uku. Ko dai wa'adinsa ya ƙare, kamar zane-zanen da aka buga a 1857 da 1858 cikin labarin tafiye-tafiyen Heinrich Barth, Bajamushen da ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852, ya kuma rasu a 1865. Ko doka ta ce tun asali ba shi da mai shi, kamar ayyukan ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka, shi ya sa mafi yawan hotunan wata da taurari na hukumar binciken sararin samaniya ta NASA ake ɗauka ba neman izini. Ko kuma mai zanen ne da kansa ya ce ya yafe. Don wannan ta ukun ne ƙungiyar Creative Commons, wadda aka kafa a 2001, ta fito da alamar CC0 a 2009. Wanda ya sa wa zanensa CC0 ya sallama shi ga duniya, ko ambaton sunansa ba dole ba ne.

Sauran lasisin ƙungiyar suna da sharaɗi. CC BY na cewa a ɗauka amma a faɗi sunan mai shi. CC BY-SA ya ƙara da cewa duk abin da aka sarrafa daga hoton a sake shi da irin wannan lasisi. Mai ɗauke da NC kuma ya hana kasuwanci, abin da ya shafi mai shagon buga takardu da ke sayar wa iyaye littafin shafa launi. Da wuya wani ya biyo malamin firamare har aji don ya liƙa hoto a allo, amma ranar da aikin ya zama littafin sayarwa, ko aka sa shi a shafin makaranta, magana ta canza.

Inda ake samun su

Rumbun da aka fi sani shi ne Openclipart, wanda Jon Phillips da Bryce Harrington suka fara a 2004. Duk abin da ke ciki CC0 ne, kuma zanen ya haura dubu 100. Shafin ya taɓa rufewa a 2019, bai dawo ba sai 2020, abin da ya sa masu hankali ke sauke abin da suke bukata su adana a gida. Wikimedia Commons, da aka buɗe a 2004, ya fi shi girma nesa ba kusa ba, fayilolinsa sun wuce miliyan 100, sai dai lasisinsu gauraye ne, dole a duba ƙasan kowane hoto. Wasu gidajen tarihi ma sun bi sahu: gidan Metropolitan na birnin New York ya saki hotuna kusan 375,000 da CC0 a 2017, cibiyar Smithsonian ta saki miliyan 2.8 a 2020.

Shafuka irin su Pixabay da Unsplash da can CC0 suke amfani da shi, daga baya suka koma lasisin kansu, Unsplash a 2017, Pixabay a 2019. Hotunansu har yanzu kyauta ne, amma sababbin ba mallakar kowa ba ne. Waɗanda suka saba da tarin zanen da ke cikin Microsoft Word kuwa sun san kamfanin ya rufe shi a ƙarshen 2014.

Manhajojin

Ga ƙananan yara, babu kamar Tux Paint. Bill Kendrick ne ya fito da ita a 2002 don ƴan shekara 3 zuwa 12. Maɓallanta manya ne masu hoto, kowane aiki da sautinsa, a ƙasan allo kuma akwai Tux, tsuntsun ƙasar ƙanƙara da ke alamta tsarin sarrafa kwamfuta na Linux, yana ba yaro shawara. Hikimar da ke cikinta ita ce yaro ba ya bukatar sanin sunan fayil ko inda ake ajiya. Ya danna ajiya, zanen ya shiga. Gobe ya buɗe, ya ga ƙananan hotunan ayyukansa jere, ya zaɓi nasa. Yaron da bai iya karatu ba tukuna yana iya aiki da ita.

Tana da hatimai, wato ƙananan hotunan dabbobi, tsirrai da kayan gida da ake dangwalawa a zane, a ƙara musu girma ko a juya su. Tana da shafukan da aka zana layi kawai don a shafa launi, da kayan "sihiri" masu yin bakan gizo, ciyawa ko bulo. Akwai wata ƴar manhaja ta daban ta malami, inda zai kashe sauti, ya hana fita daga shirin, ko ya ƙayyade sau nawa za a buga a firinta, wanda duk mai sayen tawada zai gane darajarsa. An fassara ta zuwa harsuna fiye da 100, har da Faransanci da Larabci, tana kuma aiki a Windows, Linux, macOS da wayar Android.

Kusa da ita akwai GCompris, wadda Bafaranshe Bruno Coudoin ya fara a 2000. Sunan wasa ne da kalmar Faransanci mai nufin "na gane". Ba ta zane kaɗai ba ce, tarin wasannin koyo ne sama da 100, ciki har da na koyon riƙe linzamin kwamfuta.

Ƴan kwaleji da lise sun girmi waɗannan. Nasu shi ne GIMP, wanda ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara a 1995, aka sake shi a 1996, sigarsa ta 3.0 kuma ta fito a Maris 2025. Da shi Larry Ewing ya zana Tux ɗin nan a 1996. GIMP na yanke hoto, ya gyara haske, ya cire bayan hoto, ya ɗora rubutu, kusan duk abin da ake nema a manhajar gyaran hoto ta Photoshop mai tsada. Gaskiya ba shi da sauƙin shiga, ranar farko yaro kan rasa inda zai sa hannu. Inkscape, da aka fara a 2003, na zanen tambari da taswira ne. Krita kuma ta masu son fenti ce.

Duk waɗannan manhajoji suna ƙarƙashin lasisin GPL ko danginsa, wanda ya halatta a kwafe su a raba. Saboda haka mutum ɗaya zai iya sauke su inda intanet ke da ƙarfi, ya zuba a filash, a sa wa kwamfuta ashirin ba tare da an saci komai ba, kuma bayan an sa su ba sa bukatar intanet.

Irin fayil

Hoto iri biyu ne. Na ɗigo-ɗigo, kamar JPEG da PNG, in aka ja shi ya yi girma sai ya dushe. Na layi, wato SVG, lissafin layuka da lanƙwasa ne, ana iya mai da shi girman allo bai ɓaci ba. PNG da SVG suna yarda bayan hoto ya zama fayau, shi ya sa akuyar da aka liƙa ba ta zuwa da farin akwati kewaye da ita. JPEG ba ya yin haka.

Abin da babu a rumbunan

Wanda ya nemi tuffa, dusar ƙanƙara ko motar makaranta mai ruwan ɗorawa a Openclipart zai samu har ya gaji. In ya nemi rumbun gero, tulu, faifai, turmi da taɓarya, kakaki, ko ƙofar gida mai zayyana irin ta unguwar Birni, zai sha wuya. Masu zanen sun zana abin da suke gani a ƙasashensu ne. Wannan giɓi ya fi ciwo a azuzuwan da ake koyarwa da Hausa, kuma Damagaram na da tsohon tarihi a nan, don a garin aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973. A 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar.

Cike giɓin ba ya bukatar kayan aiki masu yawa. A ce yarinya ƴar CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, ta zana tulu da baƙin biro a farar takarda. Malami ya ɗauki hotonsa da waya a inuwa, don rana tsaka na sa takarda ƙyalli. A GIMP ya ƙara bambancin baƙi da fari har dattin takardar ya ɓace, ya mai da farin ya zama fayau, ya ajiye a PNG. In ya jefa fayil ɗin cikin jakar hatiman Tux Paint, tulun ya zama hatimi. Zai iya haɗa shi da ɗan rubutu mai suna iri ɗaya, wanda zai bayyana a ƙasan allo, har da muryar yarinyar tana cewa "tulu", ta yadda duk ƙanenta da ya zaɓi hatimin zai ji. Inkscape kuma na iya bin layin zanen ya mai da shi SVG. Dagi da sauran adon da dukawan gari ke yi a jikin fata suna fita da kyau ta wannan hanya, tun da layuka ne tsantsa.

Zanen yaro ma yana da haƙƙin mallaka, nasa ne, ba na makaranta ba. Kafin a ɗora shi a Openclipart ko Commons sai an sami yardar iyaye, kuma a san cewa CC0 ba a janye shi bayan an bayar. Hoton fuskar yara kuwa bai kamata ya shiga irin waɗannan rumbuna ba sam.

Sauran matsalar ita ce haruffa masu ƙugiya. Fasalin rubutu da yawa na ado ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai a rubuta "ƙofa" a ga ɗan akwati a madadin harafin farko. DejaVu Sans da Noto Sans suna da su. Andika, wanda ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta tsara musamman don masu fara koyon karatu, yana da su duka, kuma "a" ɗinsa irin wanda ake rubutawa da alli a allo ne.