Yamai da sauran Nijar: tambayoyin da ake yawan yi kan wannan tazara

Duk sanda aka zauna a fada ana shan shayi a Damagaram ko Maraɗi, in dai hira ta yi nisa sai wani ya ce "ai komai Yamai ake kai shi". 'Yan uwanmu na Najeriya ma suna yawan tambayata kan wannan magana, shi ya sa na ce bari in tattara tambayoyin in amsa.

Wai da gaske ne da can ba Yamai ce babban birni ba?

Gaskiya ne. Daga 1911 har 1926 Zinder, wato Damagaram, ita ce hedikwatar Faransawa a ƙasar. Kuma ba a banza suka zauna can ba, gari ne mai sarauta da ganuwa, ayarin fatake na bi ta cikinsa daga Kano zuwa Agadas har Tarabulus, lokacin da Yamai ba ta wuce 'yan ƙauyuka a bakin kogin Isa ba. A 1926 zamanin gwamna Brévié aka kwashe komai aka mayar Yamai. Dalilin da aka fi faɗa shi ne ƙarancin ruwa a Damagaram, kuma matsalar ruwan gaskiya ce har yau ɗin nan, amma akwai wani dalilin, Faransawa ba su taɓa sakin jiki da Damagaram ba, tun 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa bisa zargin yana shirya masu tawaye, sannan suna ganin zuciyar garin da kasuwarsa duk suna kallon Kano ne inda Turawan Ingila ke mulki. Daga ranar da ofisoshi suka tashi, makarantu da aikin gwamnati da sojoji suka bi su yamma.

Nisan da ake ta magana, ya kai ya zama matsala?

Wanda bai taɓa hanyar ba ba zai gane ba. Yamai tana can ƙuryar yamma. Daga Damagaram zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne, daga Diffa kuwa ya haura 1,300, alhali Damagaram zuwa Kano bai kai 250 ba, Maraɗi zuwa Katsina kuma bai kai 100 ba.

Na taɓa raka gwaggona da aka tura ta ganin wani babban likita a Yamai. Tun kafin kiran asalatu muka shiga bas, ta ƙulle takardun asibitinta a leda ta rungume a ƙirji, muka wuce Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutse, Dosso, duk ramin da motar ta faɗa sai ta damƙe hannuna tana salati a hankali, sai dare muka sauka ƙafafunta sun kumbura takalmi ya ƙi shiga. Da muka je washegari aka ce mu dawo bayan mako biyu. Kuɗin mota da na masauki da na abinci sun fi kuɗin maganin kansa, wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Shi ya sa da yawa daga cikin mutanenmu gara su tsallaka Kano ko Katsina, ko na Diffa su nufi Maiduguri lokacin da hanya ke da lafiya, kuma a kasuwannin bakin iyaka naira ke yawo kafaɗa da kafaɗa da sefa.

To ba don mutane sun fi yawa a Yamai ba ne?

A'a. Ƙidayar 2012 ta ba ƙasar mutum miliyan 17 da 'yan kai, Yamai na da miliyan ɗaya da kaɗan, jihohin Damagaram da Maraɗi da Tawa kuwa kowace ta haura miliyan uku.

Ina arzikin ƙasar yake fitowa?

Nan ne maganar ke da zafi. Uranium daga Arlit yake a jihar Agadas, tun 1971 ake haƙar shi. Mai daga Agadem yake a jihar Diffa, matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 mai tace ganga 20,000 a rana tana arewa da Damagaram, ga kuma bututun da ya kai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Benin. Albasa ta Galmi ce, tattasai na bakin Komadugu, dabbobi na makiyaya. Amma kuɗin baitulmali yake shiga a Yamai, can ake yanke shawarar inda za a kashe shi. Doka ta ce kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai da na mai a mayar wa ƙananan hukumomin yankin da aka haƙo, sai dai an sha kokawa kan jinkirin biyan. Hanyar Tawa zuwa Arlit da ake kira hanyar uranium ta yi shekaru a farfashe, motocin da ke ɗauke da arzikin ƙasa a kanta suke bi fa. Tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009 duk wannan kukan yana cikinsu, kuma yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 ta yi alkawarin a sauko da mulki kusa da jama'a.

Kenan faɗan Zabarmawa da Hausawa ne?

Ni dai ban yarda da wannan fassarar ba, kuma ina roƙon matasa su daina yaɗa ta a Facebook. E, daga 1960 zuwa 1993 Diori Hamani da Seyni Kunce da Ali Saibu duk Zabarmawa ne, kuma yamma ta riga gabas shiga lakkwal, wato makarantar boko, da soja, wannan ba a musu. Amma ku duba abin da ya biyo baya. Mahaman Usman ɗan Damagaram ya hau a 1993, Tanja ɗan Maine Soroa ya yi shekara goma, Mahamadu Isufu ɗan jihar Tawa shi ma ya yi goma, Bazum ma daga gabas ya fito. An canza masu zama kan kujera amma takardar malamin makaranta na Gure har yanzu sai ta je Yamai ta dawo. Tsarin ne muka gada daga Faransa, inda komai sai an sa hannu a babban birni, kuma duk wanda ya samu muƙami daga ko'ina yake sai ya kwashe iyalinsa ya gina gida a Yamai, 'ya'yansa su yi karatu can, gida kuma sai da salla ko ta'aziyya.

Ba a yi wani ƙoƙari ba ne sam?

An yi, zalunci ne a ce ba a yi ba. Jami'a ɗaya ce ta gwamnati a Yamai shekaru kusan arba'in, sai a 2010 aka buɗe na Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas, Diffa, Dosso da Tilaberi. Akwai kuma bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da shi jiha jiha, Maraɗi Kwalliya a 2015, Zinder Sabuwa a 2018, an yi kwalta da fitilu da gine-gine, mun gani mun kuma ji daɗi. Sai dai aikin biki ne na shekara guda, kuma a cikin babban garin jiha yake tsayawa. Bayan Zinder Sabuwa 'yan ga-ruwa ba su daina tura kura cike da bido masu ruwan ɗorawa ba, mata na kwana a bakin famfo lokacin bazara suna jiran ya kawo. Zaɓen ƙananan hukumomi da aka fara a 2004 shi ma an yi shi ba tare da an sakar masu isassun kuɗi ba, sannan a 2024 gwamnatin soja ta rusa zaɓaɓɓun majalisun ta naɗa wakilai.

Su mutanen Yamai duk suna cikin daɗi kenan?

Ina! Gadoji uku a kan kogi, sabon filin jirgi da manyan otel da aka gina don taron Tarayyar Afirka na 2019, duk gaskiya ne, amma ambaliyar 2020 ta cinye gidajen talakawa a Saga da Lamorde, kuma in ka fita gari kaɗan ka shiga jihar Tilaberi, Zabarmawa ne da Fulani da Buzaye ke gudun hijira, makarantunsu a rufe saboda 'yan bindiga, ga su dab da fadar shugaban ƙasa. A cikin Yamai ɗin ma mai shayi, mai wankin takalmi, mai tura kura, mai gadin ƙofar babban gida, ka tambaye shi daga ina, zai ce maka Magarya ko Tasawa ko Madawa, ya zo bida ne bayan an gama girbi, yana kwana a shago da 'yan garinsu su bakwai, yana tara jika jika ya aika gida, da an ga hadarin farko kuma ya ɗaure kayansa ya nemi motar gabas.