Noman gwal: sayen kuɗin gem da kuɗin gaske

Noman gwal suna ne da 'yan gem suka laƙaba wa sana'ar tara kuɗin cikin wasan kwamfuta na intanet don a sayar wa wasu 'yan wasan da kuɗin gaske, dala ko yuro. An fi yinta a irin wasannin nan da dubban mutane ke shiga duniya ɗaya lokaci guda kowa da jarumin da yake juyawa, kamar World of Warcraft, RuneScape, EVE Online da Lineage. Kowane wasa da kuɗinsa, World of Warcraft gwal, EVE kuma ISK, Lineage adena. Da shi ake sayen takobi da sulke da abin hawa, kuma hanyar samunsa ta halak ita ce mutum ya zauna awa da awanni yana kashe dodanni yana haƙar ma'adinai yana kaiwa kasuwar cikin gem ɗin. To mai aiki da iyali ina yaga wannan lokacin? Amma yana da kuɗi a aljihu, wani kuma can a wata ƙasa lokaci har ya yi masa yawa ba shi da ko sisi, nan ciniki ya faɗa.

Abin ya faro tun zamanin Ultima Online na 1997 da EverQuest na 1999, lokacin a eBay ake tallan kayan gem kamar yadda ake tallan tsohuwar waya, har sai da eBay ɗin ta hana a 2007. A 2001 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Edward Castronova, ya zauna ya yi lissafin arzikin Norrath, duniyar EverQuest, kamar wata ƙasa ta gaske, ya gano cewa abin da kowane ɗan wasa ke samarwa zai ajiye ta tsakanin Rasha da Bulgeriya. Ƙasar da babu ita a taswira fa.

Bayan fitowar World of Warcraft a 2004 ne harkar ta zama masana'anta, cibiyarta kuma Chaina. Ɗaki ne cike da kwamfutoci, samari na karɓa-karɓa awa 12 kowanne, jarumi ɗaya ba ya hutawa dare da rana, dodo ɗaya ake ta kashewa a wuri ɗaya. A 2008 Richard Heeks na Jami'ar Manchester ya ƙiyasta masu wannan aiki sun kai kusan 400,000 a duniya, mafi yawansu a Chaina. Kamar kowane noma dai, ɗan abin da ke isa hannun manomin kaɗan ne, dillalai ke kwashe romon.

Cinikin kansa ba wuya. Mai saye zai shiga shafin dillali ya zaɓi wasa da sabar da yake, wato reshen wasan da jaruminsa ke ciki, ya biya da kati, sai a ce ya je wuri kaza cikin gem ɗin ya jira. Wani jarumi da bai taɓa gani ba zai zo ya buɗe musaya ya zuba masa gwal, sau da yawa ma ace ya ɗora wani tarkace a nasa ɓangaren don abin ya yi kama da ciniki na gaskiya idan kamfani ya duba.

Kusan duk kamfanonin sun haramta shi a ƙa'idojinsu, wanda aka kama ana rufe masa akawun. Dalilansu na da ƙarfi: gwal ya yi yawa kaya su yi tsada, ana sakin manhajojin da ke buga wasan da kansu, ana kutse a akawun ɗin mutane a wawushe, ga biyan kuɗin rajista da katin sata. Wannan na ƙarshen ne ya sa Jagex, masu RuneScape a Ingila, suka sanar da soke ciniki mara ƙaidi tsakanin 'yan wasa a Disambar 2007, mutane suka yi ta bore, sai a 2011 aka dawo da shi bayan ƙuri'a.

Daga baya dai kamfanonin suka ga tunda ba a daina saye ba gara su zama dillalan da kansu. EVE ta kawo PLEX a 2008, RuneScape ta kawo Bonds a 2013, Blizzard, masu World of Warcraft, ta fito da WoW Token a 2015 kan dala 20. Kowanne kamar tikitin kwanakin wasa ne: ka saya a hannun kamfani da kuɗin gaske, ka sayar wa wani ɗan wasa da gwal, shi kuma ya samu kwanakin wasa ba tare da ya taɓa aljihunsa ba, ba a ƙirƙiri sabon gwal ba hannu kawai ya sauya. Ba duka ne suka yi nasara ba, kasuwar gwanjon kuɗin gaske ta Diablo III da aka buɗe a 2012 rufe ta aka yi a Maris 2014 don ta kashe daɗin neman kaya a wasan.

Kasuwar bayan fage kuwa tana nan, don ta fi araha. Lokacin da kuɗin Benezuwela, bolivar, ya zama takarda wajen 2017, mutane da dama a can suka koma Old School RuneScape tunda ko tsohuwar kwamfuta na ɗaukarsa, suna kashe korayen dodanni suna sayar da ƙashi da fata a cikin gem ɗin, gwal ɗin kuma su mayar dala su yi cefane. Wasu 'yan wasan har farautarsu suke a filin, su kashe jarumin su kwashe abin da ya wuni yana tarawa.