Kuɗin ITF: wa ke biya, wa ake mayar wa, kuma nawa?

Tun da sababbin dokokin haraji suka fara aiki a farkon Janairun 2026, ba a rasa saƙon murya da ke yawo a WhatsApp yana ɗaga wa masu sana'a hankali. Na baya-bayan nan da ya iso wayata, ƙanin mahaifiyata ne ya turo, kafinta mai yara bakwai a rumfarsa. Mai magana a saƙon har da rantsuwa, wai duk wanda ke da yara biyar a shago gwamnati za ta caje shi kuɗin horo, wanda ya ƙi biya kuma a garƙame masa wuri. Kawu har ya fara lissafin waɗanda zai sallama don su koma huɗu. Kwana biyu bayan nan, a wani zauren 'yan kasuwa, sai ga kishiyar maganar: wai duk kamfanin da ya tura ma'aikatansa kwas, gwamnati za ta biya shi rabin abin da ya kashe. Kowace daga cikinsu tana da ƙwayar gaskiya, amma an cuɗa ta da tsakuwa.

Abin da ake magana a kai tsoho ne, kuma ba ya cikin dokokin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025. Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu ne, wanda aka fi sani da ITF. Gwamnatin Gowon ce ta kafa shi a 1971, hedkwatarsa na Jos, kuma duk wanda ya yi SIWES a makaranta, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, ya san sunan. Sabon harajin raya ƙasa na kashi 4 cikin ɗari ya haɗiye kuɗaɗen da kamfanoni ke biyan asusun manyan makarantu na TETFund, da hukumar fasahar sadarwa ta NITDA, da hukumar kimiyya da injiniyanci ta NASENI, da asusun 'yan sanda, amma bai taɓa ITF ba. Yana nan da dokarsa, da ofisoshinsa, da ranar biyansa.

Ina "biyar" ɗin ta samo asali? Daga gyaran da aka yi wa dokar a 2011. Wancan gyaran ne ya ce mai ma'aikata biyar zuwa sama, ko wanda cinikinsa na shekara ya kai naira miliyan 50, zai biya. Amma a Fabrairun 2023 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar sauƙaƙa harkokin kasuwanci, wadda ta ɗaga adadin zuwa ma'aikata 25, ta cire sharaɗin ciniki, ta kuma ɗauke wa kamfanonin da ke yankunan ciniki maras shinge nauyin biya. Mai saƙon muryar dai tsohuwar doka yake karanta wa mutane. Na kira Kawu na ce, "Kawu, bar yaranka su ci gaba da gogar katako, ko kusa ba ka kai ba." Haka tela, da bakanike, da mai shago a Kwari ko Singa da yaransa goma.

Wanda ya kai 25 zai biya kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin shekara, kuma wa'adinsa 1 ga Afrilun shekarar da ke biye. Abu biyu ne ke yawan tuntuɓe da mutane a nan. Albashi a idon dokar ya haɗa da alawus-alawus da sauran haƙƙoƙin ma'aikaci, ba tsurar albashi kaɗai ba. Sannan ma'aikacin wucin-gadi da ya yi kwana 30 ana ƙirga shi. Saboda haka mai masana'antar robobi a Sharaɗa da ke cewa "ma'aikatana goma sha takwas ne, sauran 'yan kwadago ne" ya sake duba littafinsa. Kuɗin kuma daga aljihun kamfani yake fita. Duk ma'aikacin da ya ga an zaftare masa wani abu a takardar albashi da sunan ITF, ya tambayi dalili.

Sai batun rangwame, inda ruɗanin ya fi yawa. Dokar ta ba hukumar damar mayar wa kamfani har zuwa kashi 50 cikin ɗari, idan ta gamsu da horon da ya ba ma'aikatansa. Kashi 50 na me? Na kuɗin da ka zuba a asusun, ba na kuɗin da ka kashe a kan kwas ba. Mu ɗauka albashin kamfaninka na shekara naira miliyan 60 ne. Abin da za ka biya ITF naira 600,000. Ko da ka kashe miliyan biyar wajen tura injiniyoyinka Legas, iyakar abin da zai dawo maka naira 300,000 ne. A lura da kalmar "har zuwa". Rabin nan shi ne rufin ɗaki, ana iya ba ka ƙasa da shi gwargwadon yadda aka auna horon. Kafin 2011 ma kashi 60 ne, aka rage.

Kuma ba ya zuwa da kansa. Sai ka biya naka cif, ka tsara shirin horo na shekara, ka nemi amincewar ofishin ITF na yankinka kafin a fara kwas ɗin, ka adana rasit da takardun shaidar waɗanda suka halarta, sannan ka shigar da buƙata a kan lokaci. Na taɓa zama da wani manaja da ya jawo kwalin taliya cike da rasitai daga ƙarƙashin teburinsa, na horon shekara uku, yana murna zai karɓo kuɗi. Na tambaye shi takardar amincewa ko guda. Ya yi shiru, ya mayar da kwalin inda ya ɗauko. Horon ya yi shi da gaske, ma'aikatansa sun ƙaru, amma ya yi riga malam masallaci.

Kada kuma a haɗa wannan da lissafin harajin riba. Kuɗin da kamfani ya kashe wajen horar da ma'aikatansa don aikin kamfanin yana shiga cikin kuɗin gudanarwa da ake cirewa kafin a lissafa riba a gaban hukumar haraji. Wannan hanya ce daban, ofishi daban, kuma samun ɗaya ba ya hana ɗaya.

Tara ita ce ya kamata a ji tsoro, ba garƙame shago ba. Idan wa'adi ya wuce, ana ɗora kashi 5 cikin ɗari na abin da ba a biya ba a kan kowane wata, kuma guntun wata ma wata ne. Wanda ya makara da kwana uku ya ci tarar wata cur. A misalinmu na naira 600,000, tarar naira 30,000 ce duk wata. Shekara ɗaya ta zama 360,000, wato ta zarce duk rangwamen da kake hange. Kafin a cika shekara biyu, tarar ta fi uwar kuɗin. Masu ba da bayanan ƙarya game da yawan ma'aikata ko albashi kuwa nasu ya wuce lissafi, magana ce ta kotu, kuma tana iya hawa kan shugaban kamfanin shi kansa. Galibi ba a farga da bashin sai ranar da aka je neman kwangilar gwamnatin tarayya aka ce a kawo takardar shaidar biyan ITF. A ranar ake zaro shekarun baya gaba ɗaya, da tararsu.

A ganina kashi 5 a wata ya yi tsauri, musamman ga matsakaicin kamfani da ke fama da kuɗin dizal, alhali in kuɗinka ne ya maƙale a wajen hukuma ba wanda zai ƙara maka sisi saboda jinkiri. Tsarin mayar da kuɗin ma ya fi yi wa manya daɗi. Banki ko kamfanin siminti yana da ma'aikacin da aikinsa ke nan, cike fom da bin fayil. Mai ma'aikata talatin a Bompai, akawunsa ɗaya ne, shi ne mai biyan albashi, shi ne mai zuwa banki. Irinsu su ne ke biya duk shekara su bar rabonsu a can.

Akwai kuma wanda dokar ba ta gani sam. A Kano ko Zariya, yawancin matasan da suka iya walda ko gyaran mota ko ɗinki a gaban wani maigida suka koya, wanda ya ciyar da su, ya jure ɓarnar kayan da suka yi, ya yaye su. Gyaran 2023 ya kyauta da ya sauke wa irin waɗannan nauyin biya. Amma tun da rangwamen daga abin da ka zuba ake yanko shi, wanda bai zuba ba ba shi da abin karɓa. Da na yi wa Kawu wannan bayanin sai ya ce shi dai tun da ba za a taɓa masa rumfa ba, su riƙe rangwamensu. Yaran nan bakwai suna nan, har ya ƙara ɗaya bayan sallah.