Dunƙulallen abincin gaggawa

Dunƙulallen abincin gaggawa wani busasshen abinci ne da ake matsewa da inji har ya yi tauri, a yanka shi gida-gida kamar sandar sabulu, a naɗe shi a leda mai ƙarfi da aka zuƙe wa iska, don a ajiye shi saboda ranar da bala'i ya faɗo, ambaliya ko girgizar ƙasa ko yaƙi ko jirgin ruwa ya nutse mutane su koma cikin kwale-kwalen ceto. Ba ya buƙatar wuta, ba ya buƙatar tukunya, ko ruwan dafawa ba ya nema, ɓare ledar kawai za ka yi ka kai baki. Yawancinsa yana kai shekara 5 a ajiye bai lalace ba. Aikinsa guda ɗaya ne, ya riƙe ran mutum a kwana biyu ko ukun farko kafin agaji ya iso ko a samu halin ɗora tukunya, kuma duk wani abu da ka gani a jikinsa, tun daga ɗanɗano har zuwa taurin, saboda wannan aikin aka yi shi haka.

Me ke cikinsa

Kayan haɗin ba wasu baƙi ba ne, garin alkama ne da aka gasa, da man girki na tsirrai, da sukari, sai a ƙara bitamin da sinadaran gina jiki, wasu kamfanonin su sa waken suya wasu su sa kwakwa ko ƙamshin lemun tsami. Mai ne ke da yawa a ciki kuma da dalili, giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) alhali giram ɗaya na sitaci ko sukari 4 kawai yake bayarwa, to wanda ke son ya cusa ƙarfi mai yawa a ɗan ƙaramin wuri dole ya jingina da mai. Shi ya sa in ka gutsura za ka ga yana marmashewa a hannu yana barin maiƙo a yatsu, a baki kuma kamar biskit mai nauyi wanda zaƙinsa bai kai ya gundure ka da wuri ba.

Gishiri kuwa kaɗan ake sawa ƙwarai, kuma irin wanda aka yi don teku har furotin ma, wato sinadarin gina jiki irin na nama da wake, ragewa ake yi da gangan. Mutane da yawa ba su san wannan ba sai su ɗauka rowa ce ta kamfani, alhali hikima ce. Jiki in ya narkar da furotin sai ya bar dattin da ƙoda za ta fitar ta fitsari, fitsari kuma ruwa ne, gishiri ma haka yake jawo ƙishi, to mutumin da ke zaune a kwale-kwale tsakiyar teku da ɗan ruwan da aka auna masa ba ya buƙatar abincin da zai ƙara masa ƙishirwa. Yunwa tana yi wa mutum haƙuri na makonni, ƙishi kuwa 'yan kwanaki ne.

Daga ina ya samo asali

Guzurin da ba ya lalacewa tsohon abu ne. Matuƙan jiragen ruwan Turai sun yi ƙarnoni suna rayuwa da wani biskit na gari da ruwa mai tauri kamar dutse, wanda sai an jiƙa ake iya taunawa. 'Yan asalin Arewacin Amurka kuma suna da nasu da ake kira pemikan, busasshen nama ne ake dakawa a cakuɗa da kitse, wani lokaci da busassun 'ya'yan itace, kuma masu tafiye-tafiyen binciken yankunan ƙanƙara sun ara sun yi ta amfani da shi.

Na zamani kuwa hanyarsa ta biyo ta soja da ta teku. A 1937 wani hafsan sojan Amurka mai suna Paul Logan ya je kamfanin cakulan na Hershey ya ce a yi masa sandar da ba ta wuce giram 113 ba, mai ƙarfi sosai, wadda zafi ba zai narkar da ita ba, sannan ɗanɗanonta ya ɗan ɗara dafaffen dankali kaɗan kawai, don kada soja ya mayar da ita alawa ya cinye tun kafin ranar buƙata ta zo. Abin da ya fito shi ne sandar da aka sani da Ration D mai kalori 600, aka raba ta da yawa a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma taurinta ya kai sojoji suna kankarar ta da wuƙa kafin su ci.

Ta ɓangaren teku, nutsewar jirgin Titanic a 1912 ita ta haifar da yarjejeniyar kare rayuka a teku ta farko a 1914, wadda ake kira SOLAS, kuma wadda ake aiki da ita yanzu ta 1974 ce. A ƙa'idojinta dole kowane kwale-kwalen ceto ya ɗauki abincin da bai gaza kilojul 10,000 ba ga kowane mutum, a rufe yadda iska da ruwa ba za su shiga ba, tare da ruwan sha lita 3 na kowane mutum. Kilojul 10,000 ɗin nan in ka juya shi kusan kalori 2,400 ne, to ka ga inda fakitin kalori 2,400 da ake sayarwa a kasuwa ya samo lissafinsa.

Ire-irensa

A Amurka akwai Datrex da Mainstay da SOS, su ne aka fi gani a jakar ko-ta-kwana ta gidaje. Datrex ƙananan sanduna ne masu kalori 200 kowacce da ɗanɗanon kwakwa, Mainstay kuma fakitinsa na kalori 3,600 an tsaga shi gida 9, kowane gida 400. A jikin fakitin za ka ga an ce na kwana uku ne, amma yi lissafi ka gani, 3,600 a raba uku 1,200 ke nan a rana, alhali ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke aiki da shi wajen ciyar da mutanen da bala'i ya shafa kalori 2,100 ne a rana ga mutum ɗaya. Wato wannan na wanda ke zaune ne yana jiran ceto, wanda zai yi tafiyar ƙasa da yaro a goye ko ya wuni yana kwashe laka daga ɗaki ba zai ishe shi ba ko kusa, kuma wannan abu ne da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya ƙirga fakiti nawa zai ajiye wa iyalinsa.

Wanda ya fi shahara a aikin agaji shi ne BP-5 na kamfanin GC Rieber Compact da ke Norwe, kusa da birnin Bergen. Fakitinsa giram 500 ne, sanduna 9, jimilla wajen kalori 2,290, wato kusan cin mutum ɗaya na yini guda. Shi yana da furotin na waken suya da ɗan dama don an yi shi ne saboda mutanen da ke kan tudu, 'yan gudun hijira da waɗanda ambaliya ta kora, don haka dole a haɗa shi da ruwan sha isasshe. Abin da ya sa ma'aikatan agaji ke son sa shi ne ana iya marmasa shi a tafasasshen ruwa ya zama kamar kunu a ba ƙaramin yaro ko tsohon da ba shi da haƙora. Kamfanin dai yana da Seven Oceans na jiragen ruwa. Hukumar Abinci ta Duniya kuma tana da nata biskit mai ƙarfi wanda giram 100 ke ba da wajen kalori 450, shi take fara rabawa a kwanakin farko. A Japan inda girgizar ƙasa ta zama abin zama da ita, har rana suka ware, 1 ga Satumba, don tunawa da girgizar Kanto ta 1923 da yin atisaye, kuma busasshen biskit na gwangwani da suke kira kanpan yana cikin abin da gidaje da makarantu suka saba ajiyewa.

Kada a haɗa shi da abincin tamowa

Nan ne ake yawan ruɗewa musamman a wajenmu. Ledar gyaɗar nan da ake ba yara masu tamowa a asibiti, Plumpy'Nut, wadda likitan Faransa André Briend da kamfanin Nutriset suka ƙirƙiro a 1996 kuma ta yi suna a yunwar Nijar ta 2005 musamman a yankin Maraɗi, ita magani ce, giram 92 mai kalori 500, ana ba da ita ne bisa awon nauyin yaro. Ba guzurin gida ba ce, kuma babba ya zauna ya shanye ta ko a kai ta kasuwa a sayar zalunci ne ga yaron da aka rubuta wa. Haka shi ma dunƙulen gaggawa na gama-gari ba ya warkar da tamowa mai tsanani, kuma jaririn da bai kai wata 6 ba ba a ba shi, nonon uwa shi ne nasa. Wanda alkama ko waken suya ko kwakwa ke tayar wa da ƙaiƙayi ko kumburi ya karanta jikin leda tun yana cikin kwanciyar hankali.

Ajiya

Fakiti mai lafiya in ka danna shi za ka ji shi ƙam kamar bulo, ledar ta manne da jikinsa, in ka yanka bakin za ka ji ɗan sautin iska tana shiga. Wanda ya saki ya yi laushi ko ya kumbura to ya huje, man ciki zai yi wari, a yar da shi. Zafi shi ne babban abokin gabarsa, don haka ɗaki mai inuwa, nesa da ɓera, kuma a sama ba a ƙasan gado ba, tunda ruwan ambaliya ƙasa yake fara ci. Wanda ya ga abin da ya faru a Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle cikin dare ya san yadda ake wayar gari da buhun hatsi a jiƙe, itace a jiƙe, ga tukunya amma ba wurin hura wuta.

Irin wannan abinci yana da tsada kuma ba ko'ina ake samun sa a kasuwanninmu ba, sai dai akwai guzurin da aka gada mai bin wannan hikimar, dabino, dakuwa, ƙuli-ƙuli, garin rogo da sukari, soyayyar gyaɗa marar gishiri. Ba za su yi shekara 5 ba, sai ana ci ana sabuntawa duk bayan 'yan makonni ko watanni, kuma kilishi duk da daɗewarsa yaji da gishirinsa suna jawo ƙishi don haka ba shi ne na sawa a gaba ba in ruwa ya yi ƙaranci. Hukumar agajin gaggawa ta Amurka tana ba da shawarar a ajiye galan ɗaya na ruwa, wato kusan lita 4, ga kowane mutum a kowace rana, na kwanaki da dama, a jarka mai murfi kusa da inda abincin yake.