Don Allah a daina cinna wa bola wuta

Da zarar hunturu ya kama a Gombe, a kan benci nake fara ganinsa. Kafin ƙarfe tara na safe bencin ƙaramin asibitin da nake aiki ya cika da iyaye mata, kowace da yaro a cinya. Wannan yana tari har da amai, wancan ƙirjinsa yana kuka kamar ɗan kyanwa, haƙarƙari yana shiga yana fita. In na tambaya, amsar ɗaya ce: "Malama, sanyi ne ya kama shi." In ce, "Jiya da magariba an ƙona shara a layinku?" Sai a sunkuyar da kai, a hau gyara ɗankwali.

Kwanan baya wata baiwar Allah ta kawo ɗanta, zuwa na uku ke nan cikin wata guda. Tun kafin in ɗora masa abin awo na ji warin ƙonanniyar leda a zanen goyon. Ta ce wallahi ba ita ba ce, maigidan ne yake tara sharar a bayan katanga ya kyasta ashana, wai hayaƙin yana korar sauro. Tagar ɗakin da yaron yake kwana kuwa tana saitin bolar. Na ba da magani, amma ni da ita mun san za ta dawo.

Hazo dai ba mu da yadda za mu yi da shi. Ƙura ce iska take kwasowa tun daga Bodele a ƙasar Chadi, ta lulluɓe mu daga wajejen Nuwamba har Fabrairu. Wannan ikon Allah ne. To amma mutum yana cikin wannan ƙura, ya kuma tattaro ledar fiya wata, famfas ɗin jarirai, tsinkakken silifas, mataccen batir, ya banka musu wuta a ƙofar gidansa? Haba jama'a! Ga garin namu a kwari yake tsakanin tuddai, kuma da daren sanyi hayaƙi ba ya tashi sama, kwanciya yake a lungu kamar an shimfiɗa bargo. Duk mai fita sallar asuba ya san abin da nake nufi. Wutar da aka cinna da magariba, ita yara suke shaƙa har gari ya waye.

Ɓurɓushin da ke cikin hayaƙin nan, wanda masana suke kira PM2.5, ya fi silin gashi ƙanƙanta wajen sau 30, don haka labule ko tsumma a hanci ba ya tare shi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke ma'aunin da ta amince da shi na shekara daga maikirogiram 10 zuwa 5 na wannan ɓurɓushi a kowace kubik mita ta iska, saboda an gano ko kaɗan ɗin ma yana yin lahani. Ita ce kuma ta ce gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana kashe mutum kusan miliyan 7 duk shekara.

Akwai wata dabara da masu bincike suka fara a Turai tun shekarun 1990, wadda nake yawan tunawa in ina cike rajista. Na'urar auna iska tana da tsada, ba a iya kafa ta a kowane lungu. Sai su kafa 'yan kaɗan a wurare daban-daban, sannan su ɗauko taswirar gari su duba abin da ke kewaye da kowace na'ura: nisanta da babban titi, yawan motoci, kasuwa ce ko masana'anta ko fili mai itatuwa, mutum nawa ne ke zaune a wurin. Kwamfuta ta gwada wannan da abin da na'urorin suka auna, daga nan ta ƙiyasta iskar sauran unguwannin da ba a auna ba, a fitar da taswira mai launi-launi. Yawan jama'a sau biyu yake shiga lissafin: inda mutane suka yi yawa, nan murhu da janareta da shara suka fi yawa, nan kuma huhun da zai shaƙa ya fi yawa. Da za a zana wa Gombe irin wannan taswira, idon mai zanen zai fara sauka ne a kan hanyar Bauchi da ta Biu inda tireloli ke wucewa, da Tashar Dukku, da unguwanni masu cunkoso irin su Jekadafari, Bolari, Herwagana da Pantami. Ba gori nake yi wa kowa ba, ni ma a irin wannan lungu nake kwana.

Sai dai titi yana nan a taswira, kasuwa tana nan, rufin gidaje ma tauraron ɗan Adam yana ganinsu. Wutar bolarka fa, Malam? Ka cinna da yamma, da safe ta zama toka, babu taswirar da ta rubuta ta. A layin rajistata da aka rubuta "unguwa" take fitowa, in na ga yara daga layi ɗaya suna biyo juna cikin mako guda.

Na san uzurin, kuma ban raina shi ba. Motar shara ba kullum take shiga lungu ba, bola tana wari, awaki suna barbaza ta, in an zuba a kwari damina ta zo ta toshe hanyar ruwa. Duk na yarda. Amma kuɗin da ake gudun ba yaro mai baro ya kai shara inda ake tarawa, ninkinsa ake kashewa a kantin magani. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ranar tsaftar muhalli: a share layi tsaf, a yashe kwata, gwanin sha'awa, sannan a tara komai a bakin titi a sa wuta. Wace irin tsafta ce wannan? Ku kuma iyayena mata masu hura gawayi da leda don ta fi saurin kamawa, ga jariri a baya, fuskarsa daidai kan murhun, ku ji tsoron Allah. Ƙona leda ne shi ma.

A taƙaice dai, don benci yana jirana: a ware ɓawo, ganye da toka, manoma suna so don taki. Roba, gwangwani da ƙarfe a ba 'yan bola-jari, har da ɗan canji za a samu. Leda da famfas a ƙulle a buhu a kai wurin da GOSEPA, hukumar kula da muhalli ta jihar Gombe, take kwashewa. Sauro kuwa gidan sauro ne maganinsa. In maƙwabci ya ƙi ji, a kai wa mai unguwa ko malamin duba-gari, ba faɗa ba. A hura wuta da ƙirare. Yaron da numfashinsa ya yi sauri, ko ƙirjinsa yake lotsawa, ko ya ƙi kama nono, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kawo shi ko tsakar dare ne. Mai ciwon fuka kuma abin shaƙarsa ya kwana kusa da matashinsa.

Matar nan na ce mata zuwa na gaba ta taho da maigidan, ko da zai tsaya a bakin ƙofa ne. Da shi nake son magana.