Duba haƙori ta waya a Tailan: amsar tambayoyin da kuke ta turo min

Tunda na ambaci cewa ina zama da ɗaliban likitancin haƙori a nan birnin Chiang Mai da ke arewacin Tailan, tambayoyin nan ake ta maimaita min. Don Allah a karanta kafin a sake turowa.

Wai ana cire haƙori ta waya?

Haba, a'a. Dubawa ce da shawara, sai bibiyar wanda aka riga aka yi wa aiki.

Ɗaliban suna son abin kuwa?

Waɗanda nake hira da su suna so, kuma da dalili. Karatunsu shekara 6 ne, wanda ya gama a jami'ar gwamnati kuma akwai aikin gwamnati na shekara 3 da ke jiransa, sau da yawa a asibitin gunduma. Likitocin haƙori sun fi yawa a Bankok, shi kuwa tsohon da ke kan duwatsun Mae Hong Son sai ya kashe wuni a hanya don kawai a leƙa bakinsa. Ɗalibin da ya san can za a iya tura shi ba zai raina waya ba.

Korona ce ta kawo shi?

Akwai shi tun kafin nan. 2020 dai ta sa kowa ya waiwaye shi da aka taƙaita aikin haƙori.

To idan mutum ya turo hoton bakinsa ta manhajar hira ta LINE, ɗalibi zai iya faɗa masa ciwonsa?

Nan ne maganar take, kuma nan ne su kansu suke ja da baya. Na farko dai ɗalibi bai da lasisi, sai malaminsa ya sa baki. Ko da malami ne ma, ya danganta da abin da aka turo. Kogon da ya fito fili, kumburin dasashi, haƙorin da ya karye a gaba, waɗannan hoto mai haske yana iya nunawa, a ce wa mutum zo gobe ko kuma bari sai mako mai zuwa. Amma ruɓewar da ta ɓuya tsakanin haƙora biyu fa, ko wadda ta ci ta kai jijiya, sai an ƙwanƙwasa haƙorin an ɗauki hoton eksire, kuma haƙoran can ƙurya wallahi ko mai waya mai tsada da kyar yake ɗauko su. Wanda ya fi tayar musu da hankali shi ne gyambon baki a wajen tsofaffi masu tauna mak, wani abu da suke taunawa kamar yadda ake cin goro a wajenmu, wanda yake da alaƙa da ciwon dajin baki. A hoto sai ya yi kama da ƙaramin rauni, ka ce ba komai, mutum ya koma gona. Ya fi sauƙi idan ma'aikaciyar haƙori ta ƙaramin asibitin ƙauye ce ta riƙe kyamarar, don ta san inda za ta haska kuma za ta iya taɓawa. Ko a hakan ma, ba na cewa kullum ya wadatar.

Hotunan mutane fa, ba sa yawo?

Ku kwantar da hankalinku, dokar kare bayanan mutane ta Tailan ta fara aiki sosai a watan Yunin 2022. Amma ɗalibin da ya jefa hoton bakin mara lafiya a gurup ɗin abokai ya yi laifi babba, kuma bana son jin cewa ai fuska bata fito ba.

Zan iya turo maka hoton nawa ka nuna musu?

Kar ka turo. Idan kuncinka ya kumbura, ga zazzaɓi, ko haɗiya tana maka wuya, ka tafi asibiti yau ɗin nan, kar ka jira gobe.