Tari da Mura Bayan Hutun Ƙarshen Shekara: Yaya Gida Zai Shirya?

A ƙarshen Disamba gidaje kan cika maƙil. 'Yan makarantar kwana sun dawo, ana ta bukukuwan aure, motocin haya kuma sun rufe gilasai ruf saboda ƙura. Ana watsewa sai ka ji tari a wannan ɗaki, atishawa a wancan. Ga tambayoyin da iyaye suka fi yi a irin wannan lokaci.

Sanyi ne ke kawo mura, ko ɗauka ake yi?

Ɗauka ake yi, sanyi dai yana share mata hanya. Iskar hunturu busasshiya ce, tana busar da cikin hanci da maƙogwaro, ƙura kuma ta bi ta kai, sai ƙwayar cuta ta samu wurin zama cikin sauƙi. Mura mai zazzaɓi da ciwon jiki takan yi kwana 1 zuwa 4 kafin ta bayyana, kuma mutum yana iya shafa wa wani tun kwana guda kafin shi kansa ya ji wani abu. Shi ya sa baƙo zai tafi lafiya lau, bayan kwana uku yaran gida su kwanta.

Me ya kamata a tanada tun kafin kowa ya kwanta?

Ma'aunin zafin jiki, farasitamol na manya da na yara, ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, sabulu kusa da buta, da takunkumi kaɗan. Zuma tana rage tari, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Asfirin ma ba na yara ba ne.

Abin da ya fi duk waɗannan a wurina shi ne katin rigakafi. A zaro shi daga ƙasan akwati a duba. Allurar da ake yi wa jariri yana da mako 6, 10 da 14 tana kare shi daga mashaƙo da tarin shiƙa, ana kuma yin ta tare da ta nimoniya, wato ciwon huhu. Ta ƙyanda a wata 9 ake yi, a maimaita a wata 15. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, ya kai har Yobe da Katsina da Bauchi, yawancin waɗanda ya kama yara ne da ba a kammala musu rigakafi ba. Idan an tsallake wata allura, a kai yaron asibitin gwamnati mafi kusa a ci gaba daga inda aka tsaya. Kyauta ce.

Ɗakinmu ɗaya da falo. Ina za mu keɓe mara lafiya?

Mutane da yawa ba su da ɗakin da za su ware, kuma hakan bai hana a yi abin da zai yiwu ba. A ba shi shimfiɗarsa kusa da taga, a nisanta shi da jariri da mai ciki da tsoho da mai ciwon asma. A ware masa kofi da cokali. Moɗar nan da ke kife a bakin randa, wadda kowa ke kai wa baki, a hutar da ita har sai an warke. Mutum ɗaya ya riƙa jinya, ya sa takunkumi idan zai matso, ya wanke hannu da sabulu bayan ya share majina. Da hantsi a fito da mara lafiya tsakar gida ya sha rana, a wangale ƙofa da taga ɗakin ya sha iska.

Ba za mu toshe tagogi mu sa kaskon gawayi ba, ga wannan sanyi?

Don Allah a daina. Ɗakin da aka toshe yana tara numfashin kowa, mai lafiya da mara lafiya. Gawayi kuwa yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana iya kashe mutane cikin barci. A ji ɗumi a waje, a kashe wuta, a shiga da bargo da rigar sanyi, a bar 'yar kafar iska.

Yaushe ne abin ya wuce na gida?

A nan nake so kowace uwa ta natsu. Idan yaro yana tari, ki bari ya yi shiru, ki ɗaga rigarsa, ki ƙirga ɗagawar cikinsa na minti ɗaya cur da agogon waya. Jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, 50 ne. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Idan ya kai haka, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, alamar nimoniya ce, a tafi asibiti a ranar. Haka nan idan ya ƙi nono ko ruwa, yana amayar da komai, ya yi jijjiga, ko yana ta barci ba ya tasuwa. Jaririn da bai kai wata 3 ba, zazzaɓi kaɗai ya isa dalili.

Akwai alamu biyu da ba a kwana da su. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da wani farin abu mai toka-toka manne a can ciki, mashaƙo ake zargi. Zazzaɓi mai zafi da matsanancin ciwon kai da sandarewar wuya kuwa, sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba, lokacinsa kuma daga hunturu ne zuwa faɗuwar damina.

In je kemis in sayo kafso kawai mana?

Kafson kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin ba ya taɓa mura, domin bairas ne ke kawo ta, wata irin ƙwayar cuta da kafson ba ya kashewa. Shan sa barkatai yana sa ya daina aiki ranar da nimoniya ta zo da gaske. Kuma ba kowane zazzaɓi ne mura ba, a yi gwajin maleriya kafin a yanke hukunci.

Yaushe yaro zai koma makaranta?

Idan ya yi kwana guda cikakke babu zazzaɓi ba tare da ya sha magani ba, kuma ƙarfinsa ya dawo. Tari kan ɗan yi saura bayan mura. Amma idan ya kai mako 2, musamman ga rama da gumin dare, a je a gwada kaki ko tarin fuka ne. Gwajin da maganin duk kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.